Rabon Jagora

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma; Kawu dai ya riga mu. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na kusa da zaure, a gidanmu na unguwar Luggere a Jimeta, bayan ya sha kunu ya gaya wa Dada, mahaifiyata, cewa tsamiyar ta yi yawa. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Wasu sun so a riƙa cewa da salati ya cika. Ni kuwa na ce salatinsa ya riga ya yi shi tun da asuba, kuma duk wanda ya san Kawu ya san ba zai so a gyara masa zance ba.

Kafin azahar an kai shi. Da aka dawo aka zauna karɓar gaisuwa, sai na ga abin da ban zata ba. Tsoho ne mai ban ruwa a lambun ofishin gandun daji, ba sarauta, ba ɗa, ba jika, matarsa ta rasu tun yana can kan duwatsu, amma sai da muka aro tabarmi daga gida huɗu. Modibbo, baffan mijina, ya taso takanas daga Yola Gari duk da ciwon gwiwarsa. Mijina ne ya kawo mini maganarsa cikin gida. Wai da ya shafa addu'a sai ya ce, "Allah ya jiƙan mutumin da bai taɓa manta alherin kowa ba, ko na tsuntsu." Aka yi ta murmushi a sunkuye, don akwai labari a bayan maganar, kuma zan zo kansa.

A cikin gida Mama mai ƙosai ce ta fi kowa kuka. Kirista ce daga kudancin Adamawa, tana suya a bakin hanyar kasuwa. Ta zube gaban Dada tana rusa kuka har sai da Dada, mai rashin, ta koma ita ke ba ta haƙuri. "Dada, wa zai kawo mini rabona yanzu?" in ji ta. "Tun kafin a haifi autana fa, mutumin nan bai taɓa fashi ba."

Ofisa ma ya zo, shugaban Kawu a wurin aiki kuma nawa, don ni ce mai buga tafireta a ofishin. Ya tuɓe takalma ya zauna a ƙarshen tabarma kwana uku cur. Shi ma ɗan coci ne, bai san inda ake tsayawa a addu'armu ba, saboda haka aminsa takan zo ko da wuri ko a makare, amma ta fi ta kowa ƙarfi.

Dada tana amsa gaisuwa, idonta yana bakin ƙofa. Na san wanda take jira. Su uku ne a wurin iyayensu: Kawu, sai ita, sai ƙaraminsu da muke kira Kawu Petel, wanda ya zauna a ƙauyensu na kan tudu, can bayan Toungo. Shekara uku rabon da Kawu Petel ya yi wa yayansa magana, ko ya aiko masa da goran zumar da ya saba aikowa duk shekara. Mun ba direban lorin Ganye saƙon rasuwar tun ranar. Dada tana tsoron kada 'yan'uwanta biyu su rabu ke nan har abada, ɗaya a kabari ɗaya cikin fushi. Ni kuwa addu'ata daban ce. Ina so ya zo, don na tanadar masa maganganu tun shekara uku, kuma kullum ina ƙara musu gishiri.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da Kawu. Mutanen Jimeta sun san shi da garwa biyu a kafaɗa, yana bin layin ƙananan itatuwan da aka dasa yana musu faɗa. Kaɗan ne suka san cewa a zamaninsa babu maharbin da ya kai shi sanin duwatsun da ke tsakanin Gumti da Gashaka.

Gajere ne, siriri, ƙafafunsa kamar na ɗan shekara talatin. Ba ya tafiya a tsakiyar hanya, kullum gefe, kuma ba ka jin takunsa. Sau nawa Dada ta zubar da miya don ta juyo ta gan shi tsaye a bayanta. In aka tambaye shi shekarunsa sai ya ce, "An haife ni a ƙasar Jamus, na yi aure a ƙasar Ingila, na tsufa a Najeriya, kuma ban taɓa ɗaga gadona daga inda yake ba." Babansu yana cikin waɗanda aka tilasta wa ɗaukar duwatsu don ginin ganuwar Jamusawa a kan tudun Gashaka. Kawu ya ce ya taɓa kwana a kangon, ya tarar birai sun gaje shi. Da aka zo ƙuri'ar zaɓen ko yankinsu ya bi Najeriya ko Kamaru, ya ce shi ya jefa wa inda ƙanwarsa take aure. Bayan haka ba da daɗewa ba ya sauko wurinmu, don matarsa ta rasu kuma Dada ta hana shi sakat da saƙo.

Abin da ya sauko da shi bai wuce tabarma da buta da wata al'ada ba. A dajinsu akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka da maharba ke kira jagora. Yakan zo ya dame ka da kuka, ya tashi ya sauka a gaba, ya jira ka, har ya kai ka inda ƙudan zuma suka yi gida. In ka yi hayaƙi ka ɗebi zumarka, dole ka ajiye masa saƙa a kan dutse, kuma mai kyau, irin wadda yake ci. Suna cewa in ka hana shi, wata rana zai sake kiranka, ka bi shi, ya kai ka gaban ɓauna mai ɗa. Mutanen ƙauyensu sun ɗauki dokar nan sun shimfiɗa ta a kan mutane ma. Duk wanda ya nuna maka hanyar wani abu, yana da rabo a cikinsa muddin kana amfana. Kawu yana saurayi ya bi tsuntsun nan wuni guda har wani kogon dutse mai zumar da ba a taɓa ganin irinta ba, ya dawo ya nuna wa gari. Tun daga nan goran farko na kowace shekara nasa ne. Da ya dawo Jimeta, Kawu Petel ne ke aiko masa da shi, an toshe bakin da kaki.

Makonsa na farko a garin nan ya ɓata. Mutumin da bai taɓa ɓata a dajin da rana ba ta taɓa ƙasa ba, ya ɓata tsakanin Luggere da kasuwa. Ya ce laifin garin ne, gidaje duk kama ɗaya, ba rafi, ba dutse, ba itacen da mutum zai gaisa da shi. Mama mai ƙosai ce ta gan shi ya wuce ta sau uku, ta bar kaskonta ta riƙo shi har bakin kasuwa. Shi ke nan ta jawo wa kanta. Daga ranar, duk abin da Kawu ya sayo a kasuwar Jimeta sai ya tsaya ya cire mata nata: goro ɗaya cikin biyar, ƙullin gishiri, kan kifi. Ta yi ta roƙonsa ya bari. "Baba, hanya yana nan tun kafin ni, ba ni na yi shi ba." Shi kuwa sai ya ce, "Tsuntsun ma ba shi ya yi zumar ba." Ranar da ya sayo takalmin roba ne kawai aka rasa yadda za a yi, sai ya koma ya sayo mata albasa.

Tsuntsun ma bai manta da shi ba, duk da babu irinsa a Jimeta. In ya buɗe sabon gora, sai ya gutsuri saƙa ya ɗora a kan katanga kafin kowa ya lasa. Wannan ce ta kusa jawo mini abin kunya. Shekarar da aka yi aurena, ya kai wa surukaina gaisuwa a Yola Gari da zuma a kwano. Kafin ya miƙa, ya gutsura ya ɗora musu a kan katangar zaure, a gaban manyan malamai. Kafin la'asar magana ta zaga gida cewa dangin amarya matsafa ne. Na yi kuka har idona ya kumbura. Modibbo ya sa aka kira shi, ya tambaye shi cikin ladabi wa yake ba wa wannan abin.

"Wanda ya yi mini aiki, Modibbo."

"Kana roƙonsa wani abu?"

"Me tsuntsu yake da shi da zan roƙa? Allah nake roƙo. Shi lada nake biyansa."

Modibbo ya ce a bar zumar a kan katanga. Daga baya ma in almajiransa manya suka gama littafi suka tafi ba sallama, da labarin Kawu yake musu gori.

Da la'asar, in ya taso daga aiki, yakan zauna gindin mangwaron gidanmu, matan unguwa da 'ya'yansu su kewaye shi. Ni da nake ganin na yi boko nakan zauna nesa ina tsintar shinkafa, kunnena yana wurin. Yakan ba da labarin biri mai ganga, babban birin nan mara wutsiya da ke dukan saiwar itace har a ji a tsallaken kwari. Ya ce da can mutane ne, makaɗan wani gari. Aka kira gayyar noma, suka ce su kiɗa kawai suka iya, aka ce to ba su ba tuwo. Suka yi fushi suka shige daji da gangunansu. Gangunan suka ruɓe, suka koma dukan itace. "Suna jin magana sarai," in ji Kawu. "Shiru suke yi don kada a ba su fartanya." Shi ya sa maharbin kirki ba ya harbinsu, kuma in ya ji kiɗansu yakan tsaya har su gama.

Yakan kuma ba da labarin Gangirwal, dutsen da ya fi duka tsawo, wanda gajimare ke kwana a kansa. Ya ce akwai wani tsoho mai gadinsa, mai saurin fushi, kullum yana barci. Ba a fito a can, ba a nuna ƙololuwar da yatsa, sai da haɓa. Na taɓa ce masa, "Kawu, kai ka taɓa ganin tsohon nan?" Ya ce, "Malama Tafireta, ni mai hankali ne, ban taɓa tashinsa ba." Sunan da yake kirana ke nan, kuma har ya rasu bai yarda cewa buga ƙarfe da yatsa aiki ne ba.

Amma in ya zo kan rafuka, wasa yakan ƙare. Sai ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wanda ruwansa ke sa haƙori ciwo don sanyi, wanda dorina ke kwana a gurbinsa, wanda gwanki ke sha da sassafe. A nan ne nake ganin kewa a fuskarsa, ko da yake bai taɓa cewa yana so ya koma ba. Yakan ce ruwan Binuwai ma ruwa ne, sai dai ya sha wahalar tafiya.

Bayan yaƙin basasa, da muna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, takarda ta zo daga Maiduguri cewa za a keɓe duwatsun nan a mai da su gandun namun daji. Aka ɗora wa Ofisa aikin fitar da iyaka. Wata rana ya shimfiɗa taswira a barandar ofis, shi da safiyo mai awon ƙasa suna ta gardama. Kawu ya zo wucewa da garwarsa, ya tsaya, ya tambayi mene ne wannan shuɗin zaren. Aka ce masa kogi ne. Ya ce to an sa shi a inda ba ya bi.

"Baba, taswira ya ce nan yake bi," in ji Ofisa.

"Wanda ya zana ya je da rani ko da damina?"

Ofisa ya dube shi, ya ture kujera ya ce ya zauna. Ranar ƙananan itatuwan ba su sha ruwa ba sai da yamma.

Wata biyu suka yi a daji, Kawu a gaba. Ofisa ya dawo ya rame, ƙafafunsa duk ƙuraje, amma bakinsa bai rufu ba. Ya ce tsohon nan yana sansana iska ya ce za a yi ruwa kafin azahar, kuma a yi. Shi kuwa Kawu ya dawo shiru. Sai da Dada ta matsa masa ya faɗi abin da ya gani. Akwai wani fili a gindin dutse inda ƙasa ke da kanwa, namun daji suna taruwa suna lasa. Maharban ƙauyensu suna kiransa malasa, kuma sirrinsu ne tun kakanni. A shekara sau biyu suke zuwa, su ɗauki dabba ɗaya su bar saura. Kawu ya ratse shi kaɗai don ya gaisa da wurin, ya tarar da tarin ƙasusuwa da matattarar wuta. Baƙi masu bindigogin bature sun gano shi, suna banda nama suna kaiwa bakin hanya lori na kwashewa. Ya ce ya zauna a wurin wuni guda, ɓauna biyu kawai suka zo. A duk wata biyun nan kuma sau ɗaya ya ji kiɗan biri mai ganga. Washegari ya koma sansani ya ɗauko Ofisa da safiyo ya nuna musu malasa, ya ce su sa ta a tsakiyar gandun, su ajiye mai gadi.

Ina zaune gaban tafireta ranar da Ofisa ya kira shi ofis don ya saka masa.

"Baba, gwamnati zai ba ka muƙamin babban mai gadi. Da kaki, da keke."

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, a wurinmu jagora abin da yake ci ake ba shi. Ni ba na cin keke."

Sai ya faɗi abin da yake so. Iyakar da aka zana ta haɗiye ƙauyensu, kuma maganar da ake yi ita ce a tashe su. Ya ce a bar su a inda suke da gonakinsu, a bar musu kogon zuma. Bindiga za su ajiye, wannan ya yarda. Ofisa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Kawu ya ce shi ma hawan Gangirwal ya fi ƙarfin Ofisa, amma ya kai shi. Sau biyu Ofisa yana tafiya Maiduguri a kan maganar nan, ni kuma na buga takardar har na haddace ta. A ƙarshe aka amince. Kawu ya koma kan garwarsa, kuma ya kafa mana doka ni da Dada cewa kada Kawu Petel ya ji. "In ya ji, zai zauna a gidan ubansa kamar wanda aka ba aro," in ji shi.

Abin da ya isa kan tudu shi ne rabin labarin: an hana farauta, an kafa turakun siminti, kuma Kawu ne ya kai masu takarda malasa. Ba a yi wata uku ba sai ga Kawu Petel a Luggere. Dada ta kawo masa ruwa, ya ƙi sha. A nan na san abin ya ɓaci. Ya tsaya a tsakar gida, ko zama bai yi ba, ya fuskanci yayansa.

"Hamma, babanmu ya nuna mana wurin nan ya ce ko matanmu kada su sani. Kai ka kai baƙi."

"Baƙi sun riga ni, Petel. Ka je ka ga ƙasusuwa?"

"Da mun kore su da kanmu."

"Da adakarka? Su harbi goma suke yi kafin ka ɗura ɗaya."

"Ka zauna a birni kana shayar da itacen gwamnati, ka rufe mana dajin da ya ciyar da kai. Daga yau ba ni da wa a Jimeta."

Na buɗe baki, Kawu ya dube ni, na rufe. Har yau ina jin zafin maganar da na haɗiye ranar. Kawu Petel ya saɓi jakarsa ya fita. Kawu ya ɗan jima, sannan ya sa hularsa ya ce, "Bai san hanyar tasha ba." Na bi su a baya don ina tsoron kada a yi abin kunya a titi. Na tarar da Kawu Petel a mararraba yana juye-juye, ya doshi hanyar Nassarawo. Kawu ya zo ya wuce ta gabansa, bai dube shi ba, bai ce uffan ba, ya kama hanyar tasha a hankali. Kawu Petel ya tsaya kamar ba zai bi ba, sannan ya bi. Haka suka tafi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, tsakaninsu taku ashirin, har gindin lorin Ganye. Kawu ya juyo ya dawo gida ya tambayi Dada ko akwai sauran tuwo.

Lokacin zuma ya zo ya wuce, gora bai zo ba. Kawu ya wanke tsohon goran bara ya rataye a bangon ɗakinsa. Shekara ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai damu ba. Yana cin tuwonsa, yana faɗa da itatuwansa, yana kai wa Mama mai ƙosai rabonta. In Ofisa ya dawo daga rangadi ya ce an ga garken ɓauna a malasa, ko an ji kiɗa a kwari biyu, sai Kawu ya yi ta murna har ya ƙara loma. Na ce masa wata rana, "Kawu, mutumin nan ya cinye haƙƙinka, ka bar ni in rubuta masa gaskiya."

"Bai ci ba."

"To ina yake?"

"Yana ajiyewa. Petel yana da zuciya, amma ba zai ci rabon jagora ba. Ke dai ba ki san shi ba, ni na goya shi."

Na ce a raina tsufa ne. Ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma gara in faɗa a nan.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka naɗe tabarmi aka mayar wa masu su. Dada ta daina duban ƙofa, ta kuma daina cin abincin kirki. Rana ta goma sha biyu da hantsi muna tsakar gida ni da ita, sai muka ji muryar Mama mai ƙosai a zaure tana cewa, "Shiga, Baba, nan ne gidan. Sau uku ka wuce ni." Sai ga Kawu Petel. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi a raina, ƙafafunsa sun yi fari da tafiya, ga wani babban kwando a kansa. Dada ta tashi ta kawo ruwa. Ya karɓa ya shanye tas, ya miƙa kwanon a ƙara masa.

Suka yi gaisuwa, suka yi kuka, suka yi addu'a. Ni ina gefe da maganganuna na shekara uku. Da suka natsu na gyara zama na ce, "Kawu Petel, akwai abin da marigayi ya hana ni faɗa, amma yanzu ba ya nan."

"Maganar takarda ce? Na sani." Bai ɗago kai ba. "Mai gadin da aka kawo mana ya karanta mana ita. Shekarar farko fushi ne ya hana ni zuwa. Sauran biyun kunya ce. Kullum ina cewa in an ɗebi zumar bana zan sauka."

Ya jawo kwandon ya kwance ganyen da ya rufe shi. Ya fito da gora ya ajiye a gaban Dada, ya fito da na biyu, ya fito da na uku. Kowanne bakinsa a toshe da kaki, na farkon har ya yi baƙi don daɗewa a rataye cikin hayaƙin ɗaki. Ba wanda aka taɓa buɗewa.  Kunya ta kama ni, ta Kawu ba ta kowa ba, don ya gaya mini kuma na ce tsufa ne.

Sai ya sake sa hannu ya fito da wani ɗan ƙaramin gora, bai fi tafin hannu ba. Dada ta ce, "Ukun na kogo ne, na gane. Wannan fa?"

"Na hanyar tasha ne," in ji Kawu Petel. "Ranar da na ce ba ni da wa, shi ya kai ni mota."

Dada ta rufe fuska da gyalenta. Mama mai ƙosai, da ke tsaye bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa.

Manyan gorunan uku mun rabar da su sadaka. An kai wa Modibbo, an kai wa Ofisa, gidajen da suka ara mana tabarmi duk sun samu. Kafin a taɓa ko ɗaya, Kawu Petel ya cika kwano ya miƙa wa Mama mai ƙosai da hannu biyu, ta karɓa ba gardama, don ta san gardama ba ta da amfani da mutanen gidan nan. Ƙaramin goran kuwa Kawu Petel ya buɗe shi da kansa, ya tambaye ni inda yayansa ke ajiye wa tsuntsu. Na nuna masa wurin a kan katanga, inda siminti ya yi duhu. Ya ɗora saƙar, ya koma ya zauna gindin mangwaro. Dada ta ci tuwo sosai a ranar.

Ya kwana tara a ɗakin Kawu. Da zai koma ya roƙi tsohon goran da ke rataye a bango, muka ba shi. Ni na raka shi tasha, ina gaba yana baya, don har yanzu bai san hanya ba. Da zai hau lori ya ce in saurari saƙo in lokacin zuma ya yi. Na ce masa ni ba na so, hanya tana nan tun kafin ni. Ya yi kamar bai ji ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa kamar rafukan da yake lissafa mana. Ya nuna wa mutane da yawa hanya a duniya. Allah ya sa a nuna masa tasa, ya ba shi rabonsa cikakke. Amin.